Hadarin da Yake Hawa Lif

Mutumina ya rasu, kuma tun daga ranar duk wanda ya shigo shagona don ya yi min gaisuwa sai mun ƙare da dariya. Da farko abin yana ba ni kunya. Sai matarsa ta ce min, "Tela, ƙyale su su yi. Da yana nan, shi zai fara." Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kansa, tun kafin masu ƙarin gishiri su gama da labarin.

Ni tela ne. Shagona yana ƙasan wani dogon bene, irin wanda in ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Shi kuma sana'arsa wanki da guga, ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakala. Katako ne ya raba mu, ba bango ba. Ina jin hucin dutsen gugarsa, yana jin ƙarar kekena, kuma a haka muka yi furfura tare.

Gajere ne, kakkaura, yatsunsa kullum a yamutse saboda ruwa. Yana magana da tufafi. In ya ɗauko riga mai dauɗar wuya sai in ji shi ta bayan katako yana cewa, "Ke kuma wa ya yi miki haka? Zo nan, kar ki damu." Ya san mutanen benen ta kayansu fiye da ta fuskokinsu. Ya san wanda ya yi ƙiba yana ɓoyewa, ya san wanda yake share baki da hannun riga. Amma bai taɓa gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma ga shi har yanzu ban faɗi suna ba.

Abincinsa a saman benen yake. Can sama akwai fili a buɗe, da tankunan ruwa, da igiyoyin shanya na mazauna gidan. Shi ba mazauni ba ne, ba shi da hakki a wurin. Wata dattijuwa ce, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta ba shi igiya biyu kusa da tanki, ta kuma ba shi makullin ƙofar sama. Inna Mai Makulli muke ce mata. Ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun kana yaro. In ta karɓe makullin nan, mutumina ba shi da inda zai shanya ko hankici, don a ƙasa babu komai sai inuwa da hayaƙin motoci.

Agogon ya zo ne a cikin aljihun wando. Wandon wani mai awon filaye ne da yake zaune a gidan a lokacin. Mutumina ya jiƙa wandon, ya cuɗa, ya buga, ya ɗauraye, ya matse da ƙarfinsa duka. Sai da ya je shanyawa ya ji wani abu mai tauri. Ya zaro, sai ga agogo baƙi, ƙato, da roba mai kauri da maɓallai ta kowane gefe, yana nuna lokaci kamar ba abin da ya same shi.

Ya kai wa mai shi. Mutumin ya yi dariya, ya ce an yi masa canjin wurin aiki, ya riga ya sayi sabo, ya riƙe wannan. Yana ɗaure kaya yana yi masa bayani a gurguje: agogon masu hawa duwatsu ne da masu shiga daji, yana nuna arewa, yana auna zafi, yana faɗin tsawon wuri, kuma in hadari zai taso yana kuka.

Mutumina ya shigo shagona ya ajiye shi a kan tebur kamar ƙwai.

"Tela, ka san hannuna," ya ce. "Maɓalli nawa na fasa maka?"

"Ba su ƙirguwa."

"To wannan na buga shi da hannun nan, bai ce uffan ba. Abin da ya sha wankina ya fito da rai, ba zai yi min ƙarya ba."

Daga ranar muka shiga uku. In yana guga sai ya leƙo ya ce, "Tela, yau zafin garin nan zai kashe mutum, ka ga abin da agogo ya nuna." In ce masa ya ɗauke hannunsa daga kan dutsen guga tukuna. In baƙo ya tambaye shi ina bayi, sai ya danna maɓalli, ya juya a hankali kamar mai neman allura, ya ce, "Arewa maso gabas." Rannan ya ce zai auna tsawona. Ya ajiye agogon a ƙasa ya duba, ya ɗora a kaina ya duba, lambar ba ta canja ba. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ka yi haƙuri, agogo ya ce ba ka da tsawo ko kaɗan."

Duk wannan wasa ne. Kukan hadarin shi ya jawo magana.

Ranar farko da agogon ya yi kuka, mutumina yana sama yana shanya, sararin sama fes. Ya ga hoton gajimare a fuskar agogon. Mai wanki kuwa ba abin da yake tsoro kamar ruwan sama, ko wuta ba ta kai ba. Sai ya leƙa ta ramin matakala ya kwartsa ihu, "A kwashe shanya!" Mata suka fito suna ƙunƙuni, suka kwashe. Ba a jima ba iska ta taso, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar har abinci aka aiko masa daga hawa daban-daban. Ranar ce kuma ya samu sunan da ya bi shi har kabari: Hadari.

Wannan shi ne karo na farko da agogon ya dace, kuma an daɗe ba a ga na biyu ba.

Wata rana ya hau ya sauko shiru. Wata rana da ya isa sama sai kuka, sai ihu, sai gudu a matakala da bokitai. A kwashe kaya da danshi, a zauna ana jira, rana tana ta ƙwallewa. In ya sauko ƙasa sai agogon ya koma nuna hoton rana. Na ce masa, "Mutumina, ba ka ga abin nan da tambaya ba? A sama kaɗai yake ganin hadari." Ya ce, "To a ina ake ganin hadari, a ƙarƙashin gado?" Na ce, "Ina ruwan?" Ya ce ya sauka a wata unguwa, su ma bayin Allah ne.

Gidan ya fara warin danshi. Wata nas ta tafi aiki da farar riga tana manne mata a baya. Wani direba ya rataye wandonsa a fanka, fankar ta jefa shi cikin tukunya. Wata mata tana sauri ta fizge bargo, iska ta ɗauke shi, ya sauka a kan wani mai keke yana cikin tafiyarsa. Bai ji ciwo ba, amma abin da ya faɗa wa gidanmu ba zan rubuta ba.

Washegari Inna ta sauko da kanta. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, ni kuma na tsayar da keke don in ji da kyau.

"Ɗan nan," ta ce, ga mutumin da gemunsa ya yi fari, "na ba ka igiya don ka shanya, ban naɗa ka mai shela ba."

"Inna, ba ni ba ne, agogo ne."

"Agogo ne yake da wannan muryar? To ka ji ni. In ka ƙara ihu ruwa bai sauka ba, ka kawo min makullina."

Da ta tafi, ɗakin ya yi tsit. Ko rigunan bai yi wa magana ba. Na zaga na same shi zaune a kan bokiti, ya zuba wa hannunsa ido. Yana da mata da 'ya'ya, ƙaramar tana makaranta. Ya ce, "Tela, in na rasa saman nan, a kanka zan riƙa shanya?" Na ce ai agogo ya ce ba ni da tsawo. Bai yi dariya ba, a nan na san abin ya kai.

Na ja shi wurin wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa, dattijo mai gilashi a ido ɗaya. Ya juya agogon, ya danna nan ya danna can, ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Ka ji ko," in ji mutumina.

"Tsaya," in ji mai gyara. "Da me kake hawa benen?"

"In lif yana aiki, da lif. In ya lalace, da ƙafa." Lif ɗin gidanmu kuwa aikinsa ganin dama, ya yi yau ya huta gobe.

"Ranar da ka hau da ƙafa yana kuka?"

Mutumina ya waiwayo. Sai muka kalli juna.

Mai gyara ya ce abin nan ba gajimare yake gani ba, nauyin iska yake ji. In hadari zai taso iska takan yi sauƙi. In mutum ya hau sama ma takan yi sauƙi. Idan kana takawa da ƙafa, agogon yana jin motsinka, ya san hawa kake yi. Amma a lif kana tsaye cak kamar turmi, sai ya ɗauka kana nan inda kake, duniya ce ta canja. Ya ce in ana so yanzun nan zai kashe kukan, maɓalli ɗaya ne.

Mutumina ya fizge hannunsa. "A rufe masa baki? Laifin lif ne, ka faɗa da bakinka. Kuma ranar da hadarin gaske ya zo, kai za ka yi min kukan?"

A hanya na yi ta lallashinsa ya ajiye agogon a shagona in zai hau. Ya ce agogon hawa dutse ba zai ƙare a kusa da almakashi ba. Ya riga ya yanke shawara, shi da lif sun rabu.

Haka ya koma hawa matakala da baho cike da jiƙaƙƙun kaya a ka. Ihu ya ɗauke, gida ya huta, Inna ta fara amsa gaisuwarsa. Amma ni ina ƙasa ina jin abin da ba su ji. Ina jin takunsa yana yin nauyi, ina jin inda yake tsayawa, ina jin numfashinsa yana fita kamar tsohon famfo. In ya sauko sai ya zauna a bencina ya daɗe yana haki, leɓɓansa sun yi toka. In na yi magana ya ce, "Motsa jiki ne. Masu kuɗi biya suke yi a ba su wannan wahalar." Matarsa ta roƙe shi, ni na zage shi, duk bai ji ba. Ban san yadda ake son mutum mai taurin kai ba sai a kansa na koya.

Sai rannan aka kawo masa barguna manya-manya, irin waɗanda in sun sha ruwa sai ka ce an naɗe mutum a ciki. Ya ɗora baho a ka, ya hau hawa ɗaya, ya dawo. Ya tsaya a gaban lif, wanda ranar ya ga damar aiki. Ya dube ni, na ɗauke kai kamar ina neman zare. Na ji ƙofar ta rufe.

Abin da ya faru a sama, shi ya ba ni labari daga baya. Yana isa, agogon ya fara. Ranar kuwa kowace igiya a cike take, don an samu ruwan famfo bayan kwanaki. Ya ce ya san abin da mai gyara ya faɗa, ya kuma yarda. Amma yana kallon hoton gajimaren nan sai zuciyarsa ta ce masa, in wannan karon gaskiya ne fa? In ya yi ihu, makulli ya tafi. In ya yi shiru ruwa ya sauka a kan kayan mutane yana tsaye yana kallo, to shi ba mai wanki ba ne.

Sai ya rufe bakinsa ya fara kwashewa. Shi kaɗai, igiya bayan igiya, tun daga zannuwan gado har safar jarirai. Ya yi ta sauke su ta lif, har ɗakinsa ya cika, suka malalo shagona, suka rufe min keke.

"Wannan fa?" na ce.

"Ban yi ihu ba," ya ce.

"Sata ka koma?"

"Riƙe min nan, suna da danshi."

Ba zai mayar wa mutane kaya da danshi ba. Ya kunna dutse ya fara gogewa. Ni da ban taɓa yi wa kowa aiki kyauta ba, na rufe shago na zama mai ninkewa. Yana gogewa yana ware su, wannan na nas ne, wannan na direba ne, wannan na yaran da suke zubar da shayi ne. Ko hankici bai kai gidan da ba nasa ba. A waje kuwa rana tana nan daram, ko gajimaren da zai rufe tafin hannu babu.

Da yamma muka bi ƙofa-ƙofa. Ƙofar Inna ya bari ta ƙarshe. Ta buɗe, ta kalle shi, ta kalli zannuwanta a hannunsa, a goge, a ninke, gefe ya hau gefe. Ta karɓa ta shinshina. Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa mata.

"Ya yi kuka, Inna. Ruwa kuma bai zo ba."

"Ka yi ihu?"

"A'a."

"To me na ce maka? Na ce in ka yi ihu. Mayar da abinka aljihu." Ta sake shafa zanen. "Wannan kai ka cire tabon da ke gefe?"

Ya ce ya ga yana neman taimako ne.

Bayan kwana kaɗan ta shigo shagona wai a rage mata hannun riga. Ta zauna, ta ce in gaya mata duk abin da mai gyaran agogo ya faɗa. Na faɗa mata, har da zancen tsayawa cak. Ta tambaye ni ko hucin da take ji a matakala nasa ne. Na ce nasa ne. Ta ɗauki rigarta ba a rage komai ba, ta fita.

Da safe sai ga ta a bakin lif, ta tokare ƙofar da sandarta. Mutumina ya fito da baho ya nufi matakala.

"Ɗan nan, zo nan. Da girmanka kana hawa bene kamar akuya? Shigo."

"Inna, zai yi kuka."

"Ya yi mana. Na shanya labule yau."

Ya shiga. Ranar ma agogon ya ga hadari, mutumina ya kwashe shanya, labulen Inna ya sha guga.

Kafin mako ya zagayo, matan gidan sun gano. Sai ka ga mace ta gama shanya ta sauko ta tsaya a bakin lif tana murmushi, "Baba Hadari, sannu da aiki, bismillah." Har faɗa aka yi tsakanin masu shanya ranar da masu shanya gobe. Da Inna ta ga za su kashe shi da guga, sai ta kafa doka. Ta ce hadari a gidan nan sau ɗaya ne a mako, kuma ita za ta faɗi ranar. Sauran ranakun zai hau lif, amma zai riƙa takawa a ciki yana kaɗa hannu, don agogon ya ji motsi ya yi shiru.

Na ce masa wannan ai yaudarar agogo ce. Ya ce, "Wace yaudara? Tafiya nake yi, Tela. Ƙasar ce ba ta wucewa."

Duk wanda ya zauna a gidan nan a shekarun ya san wannan. Ƙofar lif ta buɗe, ka ga dattijo da baho a ka yana fareti shi kaɗai, fuska a murtuke, hannu ɗaya yana lilo. Baƙi sukan ja da baya su ce za su jira na gaba. Yara sukan shiga su taya shi. Wata rana na ga direban nan, ƙato da shi, yana takawa a bayansa da jakarsa a hammata. Ranar hadari kuwa sai ya tsaya ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoto, Inna tana gefe tana kallonsa ta saman tabarau kada ya motsa.

Har yau ban sani ba ko don labulenta ta yi, ko don ƙirjinsa. Na taɓa tambayarta, ta ce in kula da ɗinkina, kafaɗar rigar jikanta ta karkace.

Makullin nan bai sake barin aljihunsa ba. Waɗanda suka ɗanɗana gugarsa ranar hadari suka fara kawo masa kayansu sauran ranakun ma, har igiya biyu ta kasa, Inna ta ƙara masa ta uku ba tare da ya roƙa ba. Ƙaramar 'yarsa ta gama makaranta da abin da saman nan ya kawo.

Ƙirjin ne dai ya kai shi a ƙarshe, amma sai bayan shekaru masu daɗi. Ya kwanta asibiti ba da daɗewa ba. Na je duba shi, na tarar an cire masa agogon don a sa masa ruwa, matarsa ta ɗaura shi a nata hannun, ya yi mata yawa yana zamewa. Ya kama yatsana ya ce, "Tela, akwai kayan mutane a sama." Na ce an kwashe. Ya ce, "An ninke?" Na ce an ninke. Ya ce, "Kai ka ninke?" Na ce ni ne. Ya rufe ido ya ce, "To a sake."

Na zauna a bakin gadon ina dariya ina share hawaye da hular da ke hannuna. Bai ƙara yi min wata magana ba bayan wannan. Allah ya jiƙanka, mutumina, ya sa ka huta. An sake ninkewa, matarka ce ta yi.